Abin da Kaka Ke Gani a Katin Besbol

Kwanan baya ina dawowa daga aiki a jirgin ƙasa mai lamba huɗu, sai wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya buɗe wayarsa yana kallon hoton wani tsohon katin besbol, irin katin nan mai hoton ɗan wasan ƙwallon sanda na Amurka. Ya sa yatsu biyu yana buɗa hoton don ya ga fuskar ɗan wasan. Ni kuwa idona ko ta kan fuskar bai bi ba. Kai tsaye ya faɗa kan safar fatar da ke hannun mutumin, na ga an sake ɗinke tsakanin babban yatsa da manuni da wata igiyar fata wadda ta fi sauran haske. Saura kaɗan in taɓa bawan Allahn nan in nuna masa. Na kama kaina, na juya ina kallon rufin gidajen Bronx ta taga, har na wuce tashata ban sani ba.

Wannan irin kallo ba nawa ba ne. Na kakana ne, mahaifin babana, kuma ba na jin daɗin gadon.

Baduku ne daga Maraɗi. Bayan rasuwar matarsa babana ya yi ta fama har ya kawo shi New York, lokacin ina 'yar shekara tara. Muna zaune a hawa na biyar a wani dogon gini kusa da titin Grand Concourse, inda warin girkin gida goma ke haɗuwa a matakala. Babana yana da ɗan shago na huluna da jakunkuna da bel da lema. Mamata kuma tana aikin kula da marasa lafiya a gidajensu, ta fita da sassafe ta dawo a gajiye. Kaka ba mutumin da zai zauna yana kallon bango ba ne, don haka aka ba shi lungu a bayan shagon, da 'yar kujera, da basillarsa da zarensa da kakin zuma. Hannun jaka ya tsinke, shi. Bel yana son ƙarin huda, shi. Ni aka ɗora wa raka shi, in na taso daga makaranta in biya in ɗauko shi mu taho gida.

Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. Ni kuma in ce masa tsoho mai ran ƙarfe, na fasa auren tunda ba shi da ko mota. Yakan yi mini Hausa in mayar masa da Turanci, sai ya ce shi bai taɓa ganin matar da ke yi wa mijinta yaren aljanu ba. A bakinsa na tsinci Hausar da nake rubutu da ita yau.

A ƙasan ɗakinmu akwai wani tsoho da ke zaune shi kaɗai. Shi da Kaka ba su da yare ɗaya, amma kullum sai sun ɗaga wa juna hannu a bakin ƙofa, kowa yana faɗin nasa. Wata rana wasu mutane suka zo da takardu, suka fito da shi a kujera mai taya, suka sa shi a mota. Bayan 'yan makonni muka tarar da kayansa a bakin titi ana ruwa a kansu, katifa da tukwane da hotuna da takalma. Kaka ya tsaya cak. Ya ce in tambayi mai kula da ginin ko mutumin rasuwa ya yi. Na tambaya. Mai kula da ginin ya ce a'a, idonsa ne ya mutu, ba ya iya kula da kansa, an kai shi gidan tsofaffi. Na juya na fassara wa Kaka kalma bayan kalma, ina jin kaina wata babbar tafinta. Ya sunkuya ya ɗauki wani kwalin takalmi da ruwa ya fara jiƙawa, ya sa a hammata, ya ce ba ya kyautuwa a bar ajiyar mutum mai rai a bola.

Kwalin cike yake da katunan besbol, tsofaffi tun na zamanin da ba a haifi babana ba. Ruwa ya taɓa su, wasu sun manne, wasu sun lanƙwashe, suna warin kwali mai ruma. Kaka ya shanya su ɗaya bayan ɗaya a kan bututun ɗumama ɗaki. Niyyarsa ya ajiye wa mai su, ko zai dawo. Bai dawo ba.

Wasan kansa bai taɓa shiga ran Kaka ba. Na yi ƙoƙarin koya masa, don a lokacin zafi in an yi ihu a babban filin wasan besbol na Bronx har unguwarmu ake ji. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce ƙattin banza ne kawai suke dukan ƙwallo da taɓarya suna gudu ba wanda ya kore su. Sunayen 'yan wasan ba su dame shi ba, lambobin da ke bayan katin ma haka. Kayan da ke jikinsu yake kallo.

“Amarya, taho ki gani,” in ji shi, mun zauna bakin taga da la'asar. “Wagga safa, bahago ya yi mata ɗumki. Dubi inda ƙullin ya kwanta.”

Na duba har idona ya yi ruwa kafin na ga ƙullin. Daga ranar ya zama aikinmu. Ya nuna mini wani ɗan wasa da bel ɗinsa ke da huda ɗaya wadda ba ta jera da sauran ba, ya ce da ƙusa aka yi ta, ko dai mutumin ya rame ko bel ɗin na wani ne. Ya nuna mini mai tsugunon nan da ke kama ƙwallo, wanda maɗaurin kariyar ƙwaurinsa ya ɓalle aka ɗaure da igiyar takalmi. Akwai wani mai murmushi, ya saɓa sanda a kafaɗa, an naɗe mariƙinta da farin tef da dauɗar hannu ta mayar baƙi, a gindinta kuma an rubuta lamba da tawada. Kaka bai iya boko ba, amma ya ga zanen lambar bai yi daidai da na rigar ba. Ya yi dariya ya ce sandar aro ce, don hoto kawai aka miƙa masa.

Wanda ya fi ba ni mamaki wani ne mai facin fata a kan babban yatsan takalminsa na dama, na hagu kuwa lafiya lau. Kaka ya ce wannan mutumin aikinsa jan ƙafa ɗaya a ƙasa. Na ce shi da bai san wasan ba ina ya sani. Bayan kwana biyu na ga mai jifan ƙwallo a talabijin yana jan ƙafar baya a ƙasa duk jifa. Na ruga na gaya masa, ya ce ai fata ba ta ƙarya. Ba ya ganin taurari a katunan nan. Ma'aikata yake gani, masu lallaɓa kayan aikinsu, da kuma waɗanda suka yi musu gyaran ba wanda ya ɗauki hotonsu. Ina jin da su yake hira, ba da ni ba.

A ƙarshen zafin shekara ta biyu na fara lura da wani abu. A hanyar gida Kaka ya soma dafa kafaɗata, yana cewa miji ai dole ya riƙe matarsa kada a sace. Ya bugi gefen ƙofa sau biyu a mako ɗaya. Mamata ta ajiye masa shayi a gefensa ya yi ta neman kofin a gabansa. Wata rana muna tsallaka titi, bas ta taho ta hagunmu da girmanta da ƙararta, ya sa ƙafa zai shiga gabanta. Na fizgo rigarsa da hannu biyu. Muka tsaya a bakin titi, shi yana juya kai gaba ɗaya yana neman abin da ya wuce.

Da muka hau sama ya zauna bakin taga, ya ce in rufe ƙofa. Ya dunƙule hannunsa ya bar 'yar kafa, ya ɗora a idonsa.

“Haka nike ganin duniya yanzu, amarya. Kamar ta cikin kara nike leƙe. Abin da ke tsakiya tas nike ganinshi, gehe kuwa babu.”

Na ce da Turanci sai mu gaya wa Baba a kai shi asibiti. Kalmar asibiti kam ya gane ta. Ya kama hannuna ya matse har na ji zafi.

“Ke kika hwaɗa mini abin da aka yi ma maƙwabcinmu. In lokotoro ya rubuta ba ni gani, za su zo da takardunsu su ɗauke ni, a zubda basillata bakin titi. Can zan mutu cikin mutanen da ba su san alwala ba. Shi kike so?”

Na ce a'a, ina kuka. Ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Ya ce yana da magani, kwallin da ya zo da shi daga gida, yana sawa safe da yamma. Na rantse. Shekarata goma sha ɗaya, kuma a zuciyata na yarda da shi, tunda da idona na ga katifar tsohon nan cikin ruwa. Ban san wancan ba shi da kowa ba ne. Ban san ba a ƙwace tsoho daga hannun 'ya'yansa don ya makance ba. Da na tambayi malamata sau ɗaya da ta gaya mini. Ban tambaya ba.

Babana ba wawa ba ne, shi ma ya ga buge-bugen ƙofar. Wata Lahadi bayan cin abinci ya yi gyaran murya, ya ce da ladabi, yana kiran asibiti yadda ake kiransa a Maraɗi, “Baba, ko mu tahi lopital a duba idon nan?” Kaka ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce in ɗauko kwali. Ya zari kati ɗaya, ya kai shi gaban fuskarsa, ya ɗan yi yawo da shi sama da ƙasa har ya sami kafar da yake gani ta ciki. Sai ya miƙa wa babana, ya ce ya faɗi abin da ke damun rigar mutumin nan. Babana ya duba, ya juya, ya ce bai ga komai ba. Mamata ma ta duba ba ta gani ba. Kaka ya ce maɓalli na uku da baƙin zare aka ɗinke shi, sauran duk da fari. Sai da babana ya je bakin taga ya ƙanƙance ido sannan ya gani.

“To wa ya kamata a kai lopital, ni ko kai?” in ji Kaka.

Aka yi dariya, babana ya ji kunya ya ba da haƙuri. Ni ma na yi dariya, har na fi kowa. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da na fi tsana a rayuwata. Ka sa kanka a matsayin babana, mai karatu. Mutumin da ya ga zare a maɓallin hoton da bai kai tafin hannu ba, ta ina za ka ce masa makaho? Sau uku ana wannan gwaji a shekarar, sau uku Kaka yana cinyewa. Katunan suka zama shaidarsa, ni kuma mai riƙe masa kwali.

Hunturu ya shigo da duhunsa na ƙarfe huɗu da rabi. Dusar ƙanƙara ta taru a gefen titi ta yi baƙi, bututun ɗaki yana ta ƙwanƙwasa. Kafar da Kaka ke gani ta ciki ta yi ta tsukewa. Na koma ni ke zura masa zare. Ni ke sa alamar alli a bel, in ɗora yatsansa a kai, ya huda. In babana ya leƙo bayan shago sai in yi kamar koyon sana'a nake. A hanya na koyi matsa masa hannu sau ɗaya in akwai tudu, sau biyu in akwai mutum. Na ƙware ƙwarai, har ina alfahari da kaina. Da la'asar kuma mu zauna da kwali, amma yanzu ba ya neman sabon abu. Yakan shafa gefen kati, ya gane shi ta lanƙwasarsa, ya karanto abin da ya gani bara. In ce masa haka ne.

Wata safiyar Asabar ya zuba ruwan zafi a gefen kofi ya ƙone yatsunsa. Babana ya sake tayar da maganar asibiti, wannan karon ba murmushi. Kaka ya ce a kawo kwali. Na miƙa masa. Ya shafa, ya zaro na mai sandar aro, ya ɗaga gaban fuskarsa, ya fara bayanin farin tef da lambar tawada, muryarsa garau. Ya ce, “Ko ba haka ba, amarya?” Na ce haka ne. Ba wanda ya yi dariya. Na ɗaga kai na ga babana yana kallon katin. Ashe bayan katin Kaka ya juyo wa fuskarsa, wajen rubutu da lambobi, hoton ɗan wasan kuwa mu yake kallo yana murmushi.

Babana ya karɓi katin a hankali ya ajiye. Ya ce tun yaushe. Kaka ya ce sati guda ne, da sanyin nan ya zo. Babana ya dube ni. Na sunkuyar da kai na ce sati guda ne.

Ran Litinin ban je makaranta ba, asibiti muka kai Kaka ni da babana. Turancin babana a lokacin na kasuwa ne, gaisuwa da ciniki, Faransancinsa kuma ba shi da amfani a can. An nemi tafinta ta waya ba a samu ba, sai aka ce yarinyar ta fassara. Likitan ya haska idon Kaka, ya ɗiga magani, ya sa masa kai a na'ura, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya jingina da kujera ya yi magana da sauri, yana kallona. Ya ce hawan jinin ido ne. Ya ce jijiyar ta riga ta mutu, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa. Ya ce wannan ba aikin mako ɗaya ba ne, ciwo ne mai ci daga gefe a hankali, ya bar tsakiya sai ƙarshe. Ya ce da an kawo shi bara, da maganin ɗigawa kawai zai iya riƙe abin da ya rage. Ya tambaya ko ba wanda ya lura a gidan.

Babana ya zuba wa bakina ido. Kaka yana zaune da hularsa a cinya, fuskarsa tana kallon bango. Na buɗe baki na ce, “Ya ce tsufa ne. Daga Allah ne. Ko da an zo da wuri ba abin da za a iya yi.”

Babana ya yi salati, ya share ido da bayan hannu, ya yi wa likitan godiya. Likitan ya gyaɗa kai, yana zaton an isar da saƙonsa.

A jirgi, da babana ya matsa ya ba wata mata wuri, Kaka ya sunkuyo kunnena. Ya ce, “Lokotoro ya yi magana mai tsawo, taki ta yi gajarta.” Na juya ina kallon taga. Bai ƙara tambaya ba, ranar ko wata rana.

Ya yi shekara huɗu a cikin duhu kafin ya rasu. Kwanakin farko duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai ya zabura ya laluba bango. Ba wanda ya zo. Ba takarda, ba kujera mai taya. Abin da ya zo kawai wata mata ce mai fara'a da ta koya masa tafiya da farar sanda, da wasiƙar ranar komawa asibiti. A ɗakinsa ya zauna, babana yana yi masa aski, mamata tana ɗumama masa ruwan alwala. Abin da muka sayar da idonsa don gudunsa babu shi sam. Ya daina ce mini amarya, ya koma kirana da sunana. Ban san ko fushi ba ne ko kunya, kuma ban sami ƙarfin halin tambaya ba. Na yi fushi da shi ni ma, shekaru, don bai kamata babba ya ɗora wa yarinya irin wannan kaya ba. Har yau in na tuna, tausayinsa da haushinsa tare suke zuwar mini.

Yanzu abubuwa sun sauya. Asibitoci suna da masu fassara, ba a cika tsayar da yaro tsakanin likita da iyayensa ba. Tsofaffinmu sun yi yawa a Bronx, suna gaya wa juna yadda ƙasar take a ƙofar masallaci da coci. Shagon babana ya zama na gyaran waya a hannun wani, ba mai kawo jaka gyara, in ta tsinke a yar. Babana kansa ya yi furfura, Turancinsa ya nuna. Tun da na girma na gane ciwon nan yana bin jini, don haka duk shekara sai na ja shi an auna masa ido. Yana zuwa ne don kada in dame shi.

Watan jiya muna zaune muna jiran layi, ya gaji, ya ce shi bai ga amfanin wannan wahala ba. Ya ce in Allah ya kawo abu ba likitan da zai tare. “Ba ga Baba ba? Lokotoro da bakinshi ya ce ko an zo da wuri ba abin da za a yi. Ke kika hwaɗa mana.”

Na dube shi. Shekarunsa yanzu sun kai na Kaka a ranar da bas ta kusa take shi. Na san in na bar maganar a haka, wata shekarar zai ƙi zuwa, kuma da ƙaryata zai kafa hujja. Na san kuma in na faɗa, zai koma gida ya zauna da sanin cewa idon mahaifinsa a gabansa ya mutu, yana dariya. Ma'aikaciya ta leƙo ta kira sunansa. Ya dafa gwiwa zai tashi, na riƙe hannun rigarsa.

Na ce, “Baba, zauna tukuna. Ba haka likitan ya ce ba.”